Launin da Kawu Ilu Ya Aike Ni Nema

Tun da na dawo ba ku bar ni na sha ruwa da daɗi ba. In na fito daga masallaci, Ingila. In na zauna gindin ɗorawar bakin kasuwa, Ingila. Shekaranjiya har a wajen zaman makoki wani ya matso ya raɗa mini, wai da gaske ne can rana ba ta fitowa? To na gaji da yanka labarin gunduwa-gunduwa, kowa ya ɗauki tasa ya je ya ƙara mata gishiri. Ga shi nan gaba ɗaya, daga fita har komowa.

Ga wanda bai san ni ba, ni ne Ado, malamin makarantar boko a Bebeji, amma cibiyata a Tudun Wada aka binne. Bara aka zaɓe mu, mu 'yan kaɗan daga Arewa, mu je mu koyo yadda ake koyar da kimiyya, tunda ana ta maganar mulkin kai, an ce gara mu fara iya abinmu da kanmu.

Da na je gida sallama, kowa ya faɗi tsarabarsa, har waɗanda rabona da su tun ina yawo ba wando. Mutum ɗaya ne bai ce komai ba sai da zan tashi, Kawu Ilu, yayan mahaifiyata, wanda ya riƙe ni tun ina ƙarami. Marini ne, a karofi ya tsufa, hannunsa shuɗi ne har gwiwa. A lokacin yanar ido ta fara rufe masa gani. Likita a Kano ya ce sai ta nuna kafin a taɓa ta, shi kuwa ya rantse ko ta nuna ta ruɓe ba mai sa masa wuƙa a ido. Ya riƙe bakin rigata ya ce:

"Ado, kun ce Turawa sun san komai. To ni ba na son agogo, ba na son bargo. In suna da wani launi da ban taɓa gani ba, ka kawo mini in gani tun idon nan bai gama rufewa ba."

Na yi dariya na ce an gama. Sai da jirgin ƙasa ya bar Kano na gane irin kayan da na ɗora wa kaina. Mutumin da ya ƙare rayuwarsa yana kallon launi, wanda fatake ke kawo wa zane daga Bida da Ilori ya faɗa musu da me aka rina shi, shi zan je wa da sabon abu? Kuma ba lokaci gare ni ba, don yanar ba jirana za ta yi ba.

A Zariya abokin tafiyata ya shigo, Malam Balarabe, shi ma malamin makaranta. Kun dai san tsakaninmu da Zazzagawa. Ko zama bai yi ba ya ce shi Gwamnati ta haɗo shi da ni ne don ya sa ido, kada Bakano ya sayar da jirgin kafin a kai. Na ce ni kuma an ce in kula kada surutunsa ya nutsar da na ruwa. Haka muka yi ta yi har Ikko. Da muka haye gadar Jaba abinci ya sauya, tuwo ya ɓace, sai doya da manja da wani barkono mai sa mutum ya tuna zunubansa. Balarabe ya ci yana hawaye yana cewa ai bai kai na Zariya ba.

Jirgin ruwan nan gari ne guda, har da mai aski a ciki. Balarabe ya cika mini kunne cewa shi ɗan ruwa ne, tun yana yaro yake ninƙaya a Galma. Ikko ba ta gama ɓacewa daga ido ba ya kwanta, ya yi ta amai yana bar mini wasiyya. Ni ban yi amai ba, abin da ya dame ni alƙibla. Ka daidaita ta da asuba, kafin azahar jirgi ya juya ta ta koma bayanka. Wani ma'aikacin jirgin, mutumin Saliyo, shi ya ji tausayina, duk lokacin salla sai ya leƙo ya nuna mini da hannu. Wajen cin abinci kuwa cokula aka jera mini dama da hagu kamar kayan wanzami. Na zaɓi babban na ci komai da shi, ban ga abin da ya same ni ba.

A Libaful muka sauka, cikin wani yayyafi mai sanyin tsiya. Nan ne kan iyaka, nan ake buɗe kayan kowa. Inna Hassu, matar Kawu, wadda ta yi mini uwa, ta cusa mini ƙullin kuka da yaji da daddawa a ƙasan akwati, ta ce ba ta yarda da miyar Turawa ba. Ma'aikacin ya kwance ƙullin daddawar, ya kai hanci, ya yi baya har hularsa ta kusa faɗuwa. Ya kira ɗan'uwansa, suka tsaya daga nesa suna tambayata wace dabba ce, kuma yaushe ta mutu. Na ce ɗiyan itace ne, miya ake yi da shi. Ba su yarda ba sai da na gutsura na tauna a gabansu. Wallahi da saurinsu suka ɗaure mini kayana suka nuna mini ƙofa, ko akwatin Balarabe ba su buɗe ba.

An saukar da mu a gidan wata tsohuwa da mijinta ya rasu, muka riƙa ce mata Iya. Mutuniyar kirki ce, sai dai kyanwarta ta fi mu daraja a gidan. Tana da kujerarta, tana da kwanonta, in ka tarar da ita a wurin zamanka kai za ka nemi wani. Ranar farko na zura ƙafa cikin bargo na ji wani abu mai ɗumi da laushi, na yi tsalle na dira tsakar ɗaki ina a'uziyya, na ɗauka kyanwar ce ko abin da ya fi ta. Ashe salkar roba ce Iya ta cika da ruwan zafi don ta ɗumama mini shimfiɗa. Daga baya in ta manta ba ta sa ba, ni ke zuwa in tuna mata.

Abincinsu dankali ne da kabeji, a dafa su a ruwa har su fita hayyacinsu, ba yaji ba mai. Shayi kuwa ba ya ƙarewa: in an yi murna shayi, in an yi mutuwa shayi. Ranar da muka roƙi Iya ta bar mu muka kaɗa miyar kuka, duk tagogin gidan ta buɗe cikin sanyin nan, kyanwar ma ta bar gidan sai yamma.

Abin da ya fi ba ni mamaki gaisuwa. Maƙwabcinmu na tare shi da safe na tambaye shi kwanan iyali, da gajiya, da sanyi, da aiki. Mutumin nan ya tsaya yana kallona yana jiran in faɗi abin da nake nema a wurinsa. Ɗan Iya na cikinta, sai ya aiko tukuna cewa zai zo ran kaza, in ya zo kuma ya ƙwanƙwasa ƙofa ya jira. Na ba ta labarin gidanmu, yadda baƙo ke faɗowa da rana tsaka ya yi wata guda ba wanda ya tambaye shi ranar tafiya. Ta ce kuma ba ma haukacewa? Na ce muna yi, amma tare.

Duk wannan abin da ake ciki, aiken Kawu na raina. Ranar da ba karatu sai in bi kantunan yadi ɗaya bayan ɗaya. Launi kam akwai shi, sai dai duk wanda na ɗaga sai in ji muryar Kawu a kunnena yana cewa wannan ai kore ne da bai ji toka ba, wancan kuma jan da ya sha wanki. Balarabe ya ce in cika aljihu da ƙanƙara in kai masa, tunda fari ma launi ne. Ana nan sai saƙo ya zo daga gida cewa Kawu ya daina zuwa karofi, don ba ya iya gane ko zane ya kama. Ranar ko shayin Iya ban sha ba. Mutumin da ko zazzaɓi bai taɓa hana shi zuwa bakin ramin nan ba.

Cikin karatunmu akwai ranar da aka kai mu babbar makarantar garin mu ga ɗakin gwaje-gwajensu. Mai ɗakin wani likitan kimiyya ne, sunansa ya ƙi zama a bakinmu, muka sa masa Dogo, don sai ya sunkuya yake shiga ƙofarsa. Ɗakin cike yake da bututun gilashi a kan tebura, da wayoyi, da wani famfo da ke ta tuk-tuk-tuk a ƙarƙashin tebur. Dogo ya ɗauko bututu ɗaya, siriri, tsawonsa kamar kamu, ya ba mu muka duba. Fari tas, ba komai ciki, bakinsa biyu a liƙe. Ya sa aka ja labule, ya maƙala masa waya nan da nan, ya murɗa wani abu.

Jama'a, gilashin nan ya kama da ja. Ba wuta ba hayaƙi ba lagwani, ja kawai a tsaye cikin gilashi. Na sha ganin irinsa a saman kantuna, na ɗauka fenti suka shafa wa ƙwan lantarki. Ya canza wani, ya ba da ruwan ƙwai mai haske. Ya sa na uku, sai ga wani shuɗi da ban san sunan da zan kira shi ba. Na ce a raina, Kawu, ga shi.

Da sauran suka tafi ni na maƙale, kuma daga ranar na zama ɗan gida. Dogo ya yi mini bayani yadda zan gane. Famfon nan zuƙe iskar cikin bututun yake yi har sai saura ƙiris. Sannan a saka wata iska ta daban, 'yar kaɗan, a liƙe. In lantarki ya ratsa ta sai ta yi haske, kuma kowace iska da launinta, ba ta aron na wata. Mai jan sunanta niyon. Mai shuɗin wata ce da aka haɗa da ɗigon zaiba, ruwan ƙarfen nan mai ƙyalli. Na tambaye shi, to tunda ga shi sun samu, me kuma suke nema da suke kwana suna tashi a ɗakin nan? Ya ce duk fitilar duniya haskenta watsewa yake yi ko'ina, kamar an buɗe wa awaki turke. Su so suke su sami iskar da za ta sa hasken ya haɗa kai, ya fita launi ɗaya, hanya ɗaya, siriri kamar zare, ya yi nisa bai baje ba. Suna tunanin sa madubi a kowane baki na bututun, hasken ya yi ta kai da komo yana ƙara ƙarfi. Ya ce ba su kaɗai ba ne, a wasu ƙasashen ma ana ta nema, ba wanda ya san iskar da za ta yarda.

Na zauna na ga yadda suke yi. A haɗa wannan iska da waccan, a kunna, a auna, a girgiza kai, a zuƙe, a sake. Wani lokaci aikin mako guda ya lalace don wani ɗan tsagu da ido ba ya gani ya bar iskar waje ta shiga. Na ce masa ai haka Kawuna ke fama da ramin rini, a zuba baba, a zuba toka, a motsa, a jira, wani sa'in ramin ya ƙi haka kawai. Ya tambaye ni yadda Kawu ke gane ruwan ya nuna, na ce da hanci da harshe. Ya yi dariya ya ce ina ma nasa na lasuwa. Har na baro su ba su samu ba, kuma ban ga alamar za su gaji ba.

Mai yi musu bututun wani tsoho ne gajere mai ƙonannun yatsu, a ɗan ɗakinsa na ƙasa, yana narka gilashi a harshen wuta yana hurawa da baki. Maƙeri nake ce masa. Shi na fara ba labarin Kawu. Ana saura kwanaki mu taso ya kira ni ya miƙo mini bututu mai shuɗin nan, ɗigon zaibar na gangarawa a ciki. Sannan ya ƙara mini da na jan, kamar yadda mai gero ke yi maka gyara, da nannaɗen waya mai riga. Na ce musu garinmu fa ba lantarki. Dogo ya ja ni wajen motarsa, ya buɗe kanta, ya nuna mini yadda zan zare wayar fulogi ɗaya in haɗa, inji na aiki. Maƙeri ya nuna mini wani ɗan tsini a gefen kowane bututu, inda ya liƙe, ya ce nan ne ransa. In ya karye iskar waje ta shiga, shi ke nan, ya zama gilashin banza.

Na naɗe su cikin rawanina, na sa a wani dogon kwali, kwalin nan kuwa bai bar jikina ba. Da shi na kwana a jirgin ruwa. Balarabe ya ce ko amarya ba a yi wa wannan riritawar. A Ikko ma'aikacin kan iyaka ya ɗaga bututun ya haska a rana ya tambaye ni abin da ke ciki. Na ce iska. Ya sake tambaya, na sake faɗa. Ya kira abokan aikinsa su zo su ga mutumin da ya je har Ingila ya dawo da iska a kwalba, suka yi dariyarsu ta ishe su suka sallame ni. Ban ji haushi ba, tunda ba su taɓa tsinin ba.

Na rabu da Balarabe a Zariya, muka rungume juna yana cewa Allah Ya raba shi da Kanawa, idonsa kuwa ya kawo ruwa. Na sauka a Dangora na sami motar Tanko direba, ranar kasuwar Tudun Wada ce. A hanya na yi ta lallashinsa ya ara mini injinsa. Da farko ya ce motarsa ba abin wasan 'yan boko ba ce. Son ganin ƙwaƙwaf ne ya ci ƙarfinsa, ya ce in ya gama lodi bayan azahar zai biyo ta ƙofar gidanmu, amma ba zai daɗe ba, don yana so ya ratsa dajin hanyar Doguwa da sauran rana.

To nan ne abin da teku bai yi mini ba gida ya yi mini. Ina sauka jama'a suka rufe ni. Mai Unguwa ya kama hannuna na dama da hannu biyu yana ta barka da zuwa, sai na ji an zare kwalin daga hammatata. Kun san dai baƙo ba ya shiga gida da kayansa a hannu, abin kunya ne ga masu tarbarsa. Na ɗaga murya na ce a yi hankali, gilashi ne, aka ce to, to, Malam. Na bi kwalin da ido yana tafe a kan wani har ya sha kwana.

A zaure na tarar da Kawu a kan buzunsa. Sai da na yi magana ya gane ni. Ya shafa fuskata da hannu, ya ce na yi ƙiba, ashe Turawa na ba da abinci. Na tambaye shi idon, ya ce alhamdu lillahi, ƙofa dai yana ganinta fari-fari, sauran kuwa sai a hankali. Bai tambaye ni aikensa ba. Sai masu gaisuwa suka fara shigowa, dattijo na fita dattijo na shiga, kowa sai ya tambayi hanya da ruwa da mutanen can. Wa ya isa ya tashi ya bar liman a zaune? Jikina na zaure, hankalina na cikin gida.

Da na samu na sulale, na tarar da Inna Hassu a tsakar gida ta baje kayana a tabarma, ta riga ta gama rabon tsaraba kamar yadda aka saba, wannan na gidan wane, wancan na gidan wance. Tana ganina ta washe baki ta ɗago wani abu. Bututuna ne, cike da kwalli, an toshe gefensa da ɓargon kara. Ta ce Turawa dai da wayo amma ba su da kan gado, su yi kwalba mai kyau haka su manta ba su yi mata baki ba, sai da ta goga ɗan tsinin a dutsen niƙa. Ta ce har wani ɗigo mai ƙyalli ya fito ya gangara ƙasa.

Shuɗin ke nan. Na buɗe baki, abin da ya taso mini ba na faɗa wa uwa ba ne, na haɗiye shi da ƙyar. Matar nan ita ta yi mini wanka ina yaro, kuma ga ta tana murna da abin da ɗanta ya kawo. Na zaga bayan rumbu na ciji yatsa, hawaye suka zubo, ba zan ɓoye muku ba. Da na dawo na tambaye ta ɗayan. Ta ce ai ta aika gidan Mai Unguwa tare da sabulu, ita ma uwargidansa ta sami na zuba kwalli.

Waɗanda suka ga malamin makaranta da kwat da takalmin Ingila yana keta kasuwa a guje, yana tsallake tulin rogo, to dalilin ke nan. Sai da na kai ƙofar gidan na tsaya cak. Da wane baki zan ce a dawo mini da kyautar da aka riga aka kai? Abin da ko yara suka yi sai an yi musu dariya. Mai Unguwa ya fito ya same ni ina haki. Na durƙusa na yi ta kewaye-kewaye, na ce ba karɓa na zo yi ba, aro na zo. Ya sa aka fito da bututun. Allah Ya taimake ni uwargidan na can wajen awo, ba ta kai ga dutsen niƙa ba, tsinin na nan lafiya lau. Na faɗa masa gaskiyar magana duka. Ya yi dariya har da riƙe ciki, sannan ya ce abin da aka ba shi ya zama nasa, ba zai ba ni ba, amma Ilu abokinsa ne, shi da kansa zai kai masa aro. Ya naɗe shi a hannun riga muka taho, ina bayansa ina addu'a kada ya yi tuntuɓe.

Bayan azahar sai ga Tanko, mota cike da buhuna da mutane a sama, ya kawo hancinta har bakin zaurenmu. Fasinjoji suka fara gunaguni. Na buɗe kan motar na haɗa wayar yadda Dogo ya nuna mini, na ja ta zuwa ciki. Na ce wa Tanko kada ya taɓa bakin wayar in inji ya tashi. Ya ce shi da motarsa. Da ya tayar da injin don gwaji ya taɓa, ta fizge shi ya yi wata ƙara ya zauna a ƙasa, na saman mota suka fashe da dariya, gunagunin ya ƙare, aka kashe injin. Muka rataya tabarmi da barguna a ƙofofin zauren biyu har ya yi duhu. Daga ni sai Kawu, sai Mai Unguwa, sai Inna a bakin ƙofar ciki. Na ce wa Kawu aikensa ne na kawo. Na ɗora bututun a kan akushi a gabansa, na maƙala wayar, na ce Tanko ya tayar.

Injin ya kama yana ɗingishi, gilashin ya yi ƙyaf-ƙyaf, sannan ya tsaya da jansa. Bangon zauren ya yi ja, gemun Mai Unguwa ya yi ja. Inna ta yi salati a hankali, ina jin a lokacin ta gane abin da ta goga a dutse.

Ni Kawu nake kallo. Ya daɗe bai motsa ba, har na fara tsoron ba ya ganin komai. Can ya sunkuyo, ya kawo fuskarsa kusa.

"Ja ne," in ji shi.

Na ce eh, ja ne, wanda na so in kawo masa shuɗi ne, bai iso ba. Bai kula ni ba. Ya miƙa hannun rigarsa kusa da gilashin, ya janye, ya sake miƙawa. Ya fara lissafa wa kansa jajayen da ya sani, na karan dafi, na alharini, na lalle, na garwashin maƙera, kowanne ya ambata sai ya girgiza kai. Ya tambaye ni da me aka jiƙa shi. Na ce ba a jiƙa komai ba, iska ce. Ya ce in daina yi masa maganar 'yan boko. Na rantse masa.

Na ce, "Kawu, ka taɓa ganin irinsa?"

Kafin ya amsa Tanko ya buga jikin mota daga waje, ya ce rana na yi, ga daji a gabansa. Na kai hannu zan cire wayar, sai na ji shuɗin hannun nan ya damƙe wuyan hannuna, da ƙarfin da ban san yana da saura ba.

"Bar shi tukuna, Ado. Ban gama gani ba."

Mai Unguwa ya tashi ya ɗaga tabarma ya fita. Ban san abin da ya faɗa wa Tanko da mutanen saman mota ba, na dai san ba wanda ya sake buga komai, injin ya yi ta ɗingishinsa har aka kira la'asar.

Yanzu duk ranar kasuwa Tanko na biyowa ta ƙofarmu in ya gama lodi, Mai Unguwa ya taho da kayansa a hannun riga. Kawu ya daina ganin ƙofa tun kafin kaka, amma jan nan har yau yana ganinsa. Mai son gani ya zo bayan azahar, zauren na ɗaukar mutane. Sai dai ya zauna daga baya, gaba wurin Kawu ne.